Wuta da ruwa a Jega, Aliero da Maiyama: Me ya kamata a fara aunawa?

Duk wanda ya san kasuwar Jega ko kasuwar albasa ta Aliero ya san cewa awo yana da iyakarsa. Babu mai sayen gero ba tare da mudu ba. Haka kuma babu ɗan kasuwar da zai zauna yana ƙirga albasa ɗaya bayan ɗaya kafin ya loda mota zuwa Kudu. Buhu ake dubawa, a ga girmansa, a buɗe bakinsa, a yi ciniki. Ƙirga ɗai-ɗai zai ba da adadi mafi daidai, amma ladan masu ƙirgar zai cinye ribar.

Wannan lissafi na 'yan kasuwa shi ne ya yi ƙaranci a harkar wutar lantarki da ruwan sha. A wani ɓangare ana tafiyar da aiki a makance, ba a san adadin wutar da ta shiga unguwa ba, ba a san rijiyoyin burtsatse nawa ke aiki ba. A ɗaya ɓangaren kuma, idan kuɗin tallafi ya shigo, sai a ɗauko babban aikin tattara bayanai mai tsada, a cika kwamfuta da alƙaluma, bayan shekara biyu babu mai buɗe su.

Ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, waɗanda duk suke mazaɓar Kebbi ta Tsakiya, ba su da kuɗin ɓarnatarwa a kan ko ɗaya daga cikin hanyoyin biyu. Abin da ya dace da su shi ne a jera bayanan da ake buƙata bisa tsadarsu da amfaninsu, a fara da mai araha wanda ke sauya shawara, a bar mai tsada zuwa lokacin da zai biya kansa.

Farashin tafiya a makance

A ƙidayar 2006, Jega ta haura mutum dubu 190, Maiyama ta haura dubu 170, Aliero kuma ta haura dubu 60. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, domin wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. A shekarar 2006 ɗin ce aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero, wadda ta jawo ɗalibai da ma'aikata da gidajen haya da shaguna. Ke nan duk wanda ke tsara yawan taransifoma ko famfunan da yankin ke buƙata a yau, da alƙaluman da suka kusa shekara ashirin yake aiki.

Wutar yankin tana hannun kamfanin Kaduna Electric, wanda ke rarraba lantarki a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. A watan Janairun 2024 Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin saboda bashin da ya kai Naira biliyan 110. Bashi irin wannan yana da dalilai da yawa, amma babba daga ciki sananne ne a duk kamfanonin rarraba wuta na ƙasar nan: suna karɓar wuta daga babban layi, amma ba sa iya tara kuɗin kaso mai yawa daga cikinta. Wata ta ɓace a tsofaffin wayoyi, wata an ja ta ta bayan fage, wata kuma an kai bil an ƙi biya.

Mai amfani da wuta shi ma yana ɗanɗana kuɗarsa. Rahotannin NERC na 2024 sun nuna cewa ƙasa da rabin masu rajistar wuta a Najeriya ne ke da mita. Sauran bil na ƙiyasi ake kai musu, wato cinikin biri a sama. A watan Fabrairun 2020 hukumar ta sa iyaka ga abin da za a iya cajin wanda ba shi da mita. A Fabrairun 2024 kuma ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta 11 kimanin Naira biliyan 10.5 saboda sun ƙetare wannan iyaka a shekarar da ta gabata.

Rashin awo yana haifar da rashin yarda. Magidanci yana ganin an zalunce shi, sai ya ƙi biya. Kamfani yana ganin unguwar ba ta kawo kuɗi, sai ya karkatar da wuta inda ake biya. Taransifoma na ƙonewa a lokacin zafi saboda babu wanda ya san nauyin da ke kanta ya wuce kima, sai mutanen unguwa su koma karo-karo, duk da cewa NERC ta sha bayyana cewa sayen taransifoma da turaku da wayoyi ba haƙƙin masu amfani da wuta ba ne.

Shi ma awon da kuɗinsa

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce a ba kowa mita. Manufa ce mai kyau, amma ya kamata a dubi lissafinta.

A watan Satumban 2023 NERC ta amince da farashin mita mai layi ɗaya a kan Naira 81,975, mai layi uku kuma Naira 143,836. A 2024 aka saki farashin ga kasuwa, kuma ya ƙara hawa. Ko da tsohon farashin aka ɗauka, mitar gida ɗaya ta fi mafi ƙarancin albashi na ƙasa, Naira 70,000, da aka sanya wa hannu a Yulin 2024.

A ɗauki misalin gida a Kimba ko Andarai ko Sabiyal mai ƙwan fitila uku da fanka da cajin waya, a ce wutar da yake sha a wata ba ta wuce ta Naira 2,000 ba. Kuɗin mitarsa ya yi daidai da bil ɗinsa na wata 41, wato sama da shekara uku. A ɗauki kuma injin casar shinkafa ko masana'antar ƙanƙara a Jega da ke shan wutar Naira 100,000 a wata. Kuɗin mitarsa mai layi uku bai kai bil ɗin wata biyu ba. Idan kuskuren ƙiyasi ya kai kashi 20 cikin 100 a wurare biyun, a gidan farko Naira 400 ake magana a kai, a wurin injin kuma Naira 20,000 duk wata.

Kuɗin saye ma somin-taɓi ne. Akwai kuɗin ɗaurawa, da na ma'aikacin da zai riƙa zagayawa don ganin ba a zagaye mitar ba, da na sauya wadda ta lalace, da na manhajar da ke sayar da kati. Masu mitar kati ba su manta da watan Nuwamban 2024 ba, lokacin da ya zama dole a sabunta mitoci kafin ranar 24 ga wata, in ba haka ba su daina karɓar sabbin lambobin kati. Bayanai kamar dabba suke, wanda ya saya sai ya ci gaba da ciyarwa.

Ƙasashen da suka fi Najeriya kuɗi sun yi wannan lissafi, kuma ba su fito da amsa ɗaya ba. Birtaniya ta ƙuduri aniyar sanya mita mai aika bayanai da kanta a kowane gida kafin ƙarshen 2020. Kuɗin aikin ya haura fam biliyan 13, wa'adin ya wuce, kuma a 2023 ofishin binciken kuɗin gwamnatin ƙasar ya gano cewa kashi 57 cikin 100 kawai aka sauya, sannan kusan miliyan uku daga cikin waɗanda aka sanya ba sa aika bayanan da aka saye su dominsa. Jamus kuwa ta sa an yi mata nazarin riba da asara a 2013, nazarin ya nuna cewa bai wa kowane gida irin wannan mita ba zai biya kansa ba. Sai ta fara wajabta ta ga masu shan wuta sama da yunit 6,000 a shekara. Idan Jamus ta tsaya ta yi lissafi kafin ta kashe kuɗi, Maiyama ta fi ta buƙatar yin hakan.

Inda awo kaɗan ke ba da amsa mai yawa

Akwai wurin da mita ɗaya ke yin aikin ɗari, wato kan taransifoma da kan manyan layukan da ke kawo wuta gari, waɗanda ma'aikata ke kira fida.

A ce taransifoma ɗaya tana ba gida 150 wuta. Sanya wa kowane gida mita a farashin 2023 zai ci sama da Naira miliyan 12. Mita ɗaya a jikin taransifomar, ko da ta ninka ta gida tsada sau goma, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi ba. Kuma tana amsa tambayoyi huɗu da rigima ta fi yawa a kansu: awa nawa unguwar ta samu wuta, yunit nawa ta sha gaba ɗaya, shin nauyin ya kusa ƙona taransifomar, sannan shin jimillar bil ɗin da aka raba wa gidaje ta wuce wutar da ta shigo.

Tambaya ta farko tana da kuɗi a cikinta. Tun 2020 aka raba masu amfani da wuta rukuni biyar bisa awannin da ya kamata su samu a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A watan Afrilun 2024 farashin rukunin A ya tashi zuwa Naira 225 kan kowane yunit. Tsarin gaba ɗaya ya dogara ne a kan sanin awannin da kowane layi ya samu. Inda babu wannan awo, ko kuma akwai shi amma jama'a ba sa gani, mutum zai iya biyan kuɗin rukunin da bai taɓa ganin wutarsa ba.

Birnin Delhi na Indiya ya nuna amfanin wannan hanya. Lokacin da kamfanin Tata Power ya karɓi rarraba wuta a arewacin birnin a 2002, fiye da rabin wutar, kimanin kashi 53 cikin 100, ba ta komawa kuɗi. Daga cikin matakan da ya ɗauka akwai auna wutar kowace taransifoma da kwatanta ta da abin da aka tara a ƙarƙashinta, domin a san takamaiman inda ɓarakar take. Asarar ta sauko ƙasa da kashi 10. An haɗa da wasu gyare-gyare masu tsada, amma awon ne ya nuna inda za a kashe kuɗin.

Haƙƙin talaka fa?

Masu adawa da wannan jeri suna da hujja mai ƙarfi. Za su ce ƙaramin gida shi ne bil na ƙiyasi ya fi cuta, domin Naira 400 a wurin mai sayar da ƙosai ta fi Naira 20,000 zafi a wurin mai injin. Za su ƙara da cewa mita ita ce kaɗai ke bai wa mutum ikon rage shan wuta ya ga sauƙi a aljihunsa. Mitar taransifoma tana faɗin abin da unguwa ta sha, amma ba ta raba tsakanin mai fanka ɗaya da mai firji uku.

Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa mitar kowane gida ta zama wajibi a ƙarshe. Abin da ake jayayya a kai shi ne wa zai biya, kuma me za a yi kafin ta iso. Shirin raba mita na ƙasa da aka ƙaddamar a Oktoban 2020 da kuɗin Babban Bankin Najeriya ya raba kusan miliyan ɗaya a zagayen farko, daga nan tafiyar ta yi sanyi. A 2024 NERC ta saki Naira biliyan 21 daga asusun sayen mita, kuma masu rukunin A aka sa a gaba. Gidan da ke ƙauyen Mungadi ko Danwarai zai daɗe a layi. A tsawon wannan jira, mitar taransifoma ce kaɗai kariyar da zai samu, domin ita ce za ta hana a raba wa unguwa bil ɗin wutar da ba ta shigo ba. Bai kuma dace a tilasta wa mai ƙaramin ƙarfi ya ciro kuɗin da ya fi albashin wata domin ya sayi adalcin da doka ta riga ta ba shi ba.

Ɓangaren ruwa

A harkar ruwa lissafin ya fi sauƙi, domin bayanin da ya fi amfani shi ne ya fi araha. Yankin ya dogara sosai ga rijiyoyin burtsatse, masu famfon tuƙa-tuƙa da masu aiki da sola, waɗanda gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi da 'yan majalisa da ƙungiyoyin agaji da masu hannu da shuni suka haƙa a lokuta daban-daban. Tunda masu haƙawar sun bambanta, bayanan ma a warwatse suke. Shi ya sa a faɗin Arewa ake ganin sabuwar rijiya kusa da tsohuwa wadda ƙaramin gyara kawai take jira.

Ƙananan hukumomin uku suna da gundumomi 32. Matashi ɗaya a kowace gunduma, da wayar hannu da kuɗin man babur, zai iya rubuta kowace rijiya cikin 'yan makonni: inda take, shekarar da aka haƙa ta, irin famfonta, tana aiki ko ta tsaya, me ya tsayar da ita, wa ke kula da ita. Kuɗin wannan aiki duka zai yi wuya ya kai na haƙa 'yan rijiyoyin sola ƙalilan. Idan rajistar ta sa aka gyara tsofaffi goma maimakon haƙa sababbi biyu, ta biya kanta a shekarar farko.

Akwai na'urorin zamani da ake ɗaura wa famfo su aika saƙo idan ya tsaya. Masu bincike na Jami'ar Oxford sun gwada su a karkarar Kenya, inda lokacin gyaran famfo ya sauko daga kusan wata guda zuwa ƙasa da kwana uku. Sai dai tare da na'urar an tanadi makaniki mai babur da kayan gyara da kuɗin aiki. Saƙon da ya iso ofishin da babu mai gyara kuma babu kasafi, labari ne kawai. A ƙauyen da mai unguwa ke da waya, kiran minti ɗaya zai isar da abin da na'urar za ta faɗa. Makanikin ya kamata a fara samarwa.

Awo ɗaya ne a ɓangaren ruwa bai kamata a yi masa ƙoro ba, wato gwajin tsabtarsa. A 2021 cutar kwalara ta kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,500, kuma Kebbi na cikin jihohin da ta shafa. Garin da ke bakin Gulbin Zamfara kamar Jega, inda ambaliya kan haɗa ruwan sha da ƙazanta a damina, yana buƙatar gwajin rijiyoyin makarantu da asibitoci da kasuwanni kafin damina da bayanta. A nan asarar rashin sani rai ne, don haka kuɗin gwajin ƙarami ne ko nawa ya kai.

Tambayoyi uku kafin a kashe ko sisi

Duk jami'in da aka kawo wa takardar aikin tattara bayanai, daga kamfanin wuta ne ko hukumar ruwa ko ƙaramar hukuma, ya kamata ya nemi amsar abu uku. Wace shawara ce wannan adadi zai sauya? Wane ne, da sunan muƙaminsa, zai duba shi kuma sau nawa? Akwai kuɗin aiwatar da abin da adadin zai nuna? Takardar da ta kasa amsa ɗaya daga ciki, a mayar da ita.

Sannan a tuna cewa bayanan mutane amana ce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara sunaye da lambobin waya da adireshin gidaje nauyin tsare su. Wannan ma kuɗi ne, kuma dalili ne na kada a tara abin da ba a buƙata.

Abin da ya rage ga masu iko

Kamfanin Kaduna Electric ya tabbatar kowace taransifoma ta jama'a a Jega da Aliero da Maiyama tana da mita mai aiki, ya kuma riƙa liƙa sakamakon wata-wata a ofisoshinsa da fadar hakimai, cikin Hausa: awannin wuta, yunit da aka sha, kuɗin da aka caja, kuɗin da aka tara. Bayanin da aka ɓoye a ofis rabin amfaninsa ya tafi. Bayan haka ya bi manyan masu shan wuta, injinan casa da niƙa da masu walda da ƙanƙara da otal-otal da ma'aikatun gwamnati, ya sanya musu mita kafin kowa.

Gwamnatin Jihar Kebbi a ƙarƙashin Gwamna Nasir Idris tana da damar da magabatanta ba su samu ba. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Wutar Lantarki ta Yunin 2023 sun bai wa jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita. Jihar da babban layin Kainji ke sauka a babban birninta, har wuta ke wucewa daga nan zuwa Jamhuriyar Nijar, bai kamata ta rasa sanin awannin da garuruwanta ke samu ba. Duk tallafin taransifoma da jihar za ta bayar, ta sa sharaɗin a haɗa da mita kuma a bayyana alƙalumanta.

Shugabannin ƙananan hukumomin uku, waɗanda hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, su haɗa hannu su yi rajistar rijiyoyi guda ɗaya, su sabunta ta sau biyu a shekara, su ware kuɗin gyara kafin na sabuwar haƙa. Ma'aikatan da za su yi aikin suna kusa: jami'ar Aliero tana da ɗaliban injiniya da kwamfuta masu neman aikin bincike na kammala karatu, kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega kuma tana horar da masu duba tsabtar muhalli.

Jama'a su ma suna da nasu. Littafi ɗaya a hannun mutum biyu amintattu a unguwa, ana rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, hujja ce da za a iya kai wa sashen ƙorafi na kamfani, idan ba a samu biyan buƙata ba a wuce zuwa zauren sauraron ƙorafi na NERC. Kafin kowace unguwa ta sake yin karo-karon taransifoma, ta nemi a nuna mata a rubuce nauyin da ya ƙona ta baya, domin kada sabuwar ta bi sahunta a bazara mai zuwa.